Karatu Haɗe da Koyon Aiki a Zamfara: Ina Ɗalibai Za Su Samu Wurin Horo?

A kowace shekara, ɗaliban manyan makarantun kimiyya da fasaha na jihar Zamfara, a arewa maso yammacin Nijeriya, kan ajiye littattafansu na tsawon watanni, su bazama neman kamfani ko ma'aikatar da za ta karɓe su domin koyon aiki da hannu.

Wannan horo dai wajibi ne ga duk wanda ke karatun injiniya, ko aikin gona, ko gine-gine, ko kimiyyar kwamfuta da makamantansu, kuma ba a ba ɗalibi takardar shaidar kammala karatu sai ya yi shi.

To sai dai a jihar da manyan masana'antunta suka durƙushe, kuma 'yan bindiga suka addabi hanyoyinta, samun wurin da za a koyi aikin ya zama babban jidali ga ɗalibai da iyayensu a garuruwa irin su Gusau da Tsafe da Bungudu.

Asalin shirin

A shekarar 1971 ne gwamnatin mulkin soja ta Janar Yakubu Gowon ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda hedkwatarsa ke Jos.

A lokacin, masu kamfanoni na kukan cewa matasan da ke fitowa daga jami'o'i da kwalejoji sun san aiki a takarda, amma da yawansu ba su taɓa riƙe kayan aikin ba, balle su sarrafa injin.

Domin cike wannan giɓi ne asusun ya ƙirƙiro shirin horar da ɗalibai a wuraren aiki a shekarar 1973, wanda ake kira SIWES, ko kuma IT kamar yadda ɗalibai suka fi saninsa.

Da farko asusun ne ke ɗaukar nauyin shirin shi kaɗai. Da nauyin ya yi masa yawa, sai gwamnatin tarayya ta miƙa shi ga Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, a shekarar 1979, kafin daga bisani a sake mayar wa ITF da ragamarsa a shekarar 1984.

Ita hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma take da hedkwata a Kaduna, ita ce ke tsara manhajar kwalejojin kimiyya da fasaha, tare da tantance kwasa-kwasansu.

Doka ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara ga asusun ITF. Gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya shafi duk mai ma'aikata biyar zuwa sama, amma wata dokar da aka sanya wa hannu a 2023 ta ɗaga adadin zuwa 25.

Yadda ake gudanar da shi

Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha kan yi horon wata huɗu bayan shekararsa ta farko a karatun ƙaramar difloma. Haka shi ma ɗalibin kwalejin horar da malamai da ke nazarin fannonin sana'a. Ɗalibin jami'a kuwa yawanci wata shida yake yi.

Ban da wannan, wanda ya gama ƙaramar difloma ana son ya yi shekara guda yana aiki a wata ma'aikata kafin ya koma neman babbar difloma.

A bisa tsari, makaranta ce ke ba ɗalibi wasiƙar gabatarwa, shi kuma ya kai ta wurin da yake fatan a karɓe shi. Idan an amince, sai a haɗa shi da wani ma'aikaci da zai riƙa nuna masa aiki.

Akwai kuma littafin da ɗalibin zai riƙa rubuta abin da ya yi a kowace rana, mai kula da shi ya sa hannu a ƙarshen mako. Ana sa ran malami daga makaranta, da jami'in ITF, za su ziyarce shi su ga yadda abubuwa ke tafiya, kana idan ya dawo ya rubuta rahoto, ya kuma kare shi a gaban malamansa.

Ke nan ƙafa uku shirin yake tsaye a kai, kamar murhu: makaranta, da mai ba da wurin aiki, da kuma gwamnati. Duk wadda ta goce a cikinsu, tukunyar ba za ta zauna ba.

Ta fuskar kuɗi, shekara da shekaru alawus ɗin da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibi ya tsaya a kan naira 2,500 a wata, kuma sau da yawa sai an daɗe da gama horon kafin kuɗin su fito. Idan aka kwatanta da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, da kuma tashin kuɗin mota tun bayan janye tallafin man fetur a 2023, za a ga cewa iyaye ne ke ɗauke da kusan dukkan ɗawainiyar.

Makarantu sun ƙaru

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga watan Oktoban 1996, ba ta rasa makarantun fasaha ba.

Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da ta jiha mai suna Abdu Gusau da ke Talata Mafara.

A cikin Gusau akwai Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta Tarayya, wadda mata zalla take ɗauka. Sai kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, wadda ɗalibanta da dama ke zaune a ƙauyen Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu.

Tsafe kuwa, wadda a ƙasarta ne tsohon garin 'Yandoto yake, wanda ya shahara da malamai tun kafin jihadi, a yau nan ne mazaunin kwalejin jiha ta koyon kimiyyar kiwon lafiya, inda ake horar da ma'aikatan lafiya na karkara da masu duba tsaftar muhalli da masu aikin ɗakin gwaji.

Dukkan waɗannan makarantu na buƙatar wuraren da za su tura ɗalibansu. A nan ne kuma gizo ke saƙar.

Gusau ta jiya

Dattawan Gusau na tuna lokacin da garin yake cikin manyan cibiyoyin ciniki da masana'antu na arewa.

Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan ya sa garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa da fatu, ya kuma jawo kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban.

Daga baya aka samu gidajen gurzar auduga, da kamfanin matse mai, da na alewa, da kuma Masaƙar Zamfara, wadda ke cikin rukunin kamfanin UNTL na Kaduna.

Masaƙa ɗaya tamkar makaranta ce guda. A cikinta akwai sashen wutar lantarki, da na tukunyar tururi, da na gyaran injuna, da na rini, da ɗakin gwajin zare, da ofishin lissafin kuɗi. Ɗalibin da ya yi wata huɗu a irin wannan wuri yakan fito ya san mene ne aikin karɓa-karɓa, da kiyaye lokaci, da kare kai daga haɗarin injin.

Amma rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar yadi mai araha daga ƙetare, galibi ta hanyar fasa-ƙwauri, sun kassara masaƙun arewa. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, ita ma UNTL ta bi sahu a 2007, kuma ta Gusau ba ta tsira ba.

Da masaƙun suka tsaya, noman auduga ya ja baya, gidajen gurza suka rage aiki. Wato dai lokacin da yawan ɗalibai ke ƙaruwa, a daidai lokacin ne wuraren horar da su ke raguwa.

Inda ake samun gurbi a yau

Yawancin guraben da suka rage a hannun gwamnati suke: ma'aikatar ayyuka, da hukumar ruwan sha, da gidajen rediyo da talabijin, da sakatariyar ƙananan hukumomi, da kuma asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, dukkansu a Gusau.

Akwai kuma ofisoshin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa, da bankuna, da 'yan kwangilar gine-gine, da kuma aikin noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori a yankin Talata Mafara.

Ɗaliban kiwon lafiya sun fi sauran sa'a ta wannan fuska, domin kusan kowace ƙaramar hukuma tana da asibiti da ɗakunan shan magani, kuma marasa lafiya ba sa yankewa. Matsalarsu ita ce ƙarancin ƙwararrun da za su tsaya a kansu, da ƙarancin kayan aiki.

Amma a ɗauki misalin yaro ɗan Bungudu da ke karatun injiniyan injuna. Idan bai samu wuri a Gusau ba, sai ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja, inda zai nemi masauki da abinci da kuɗin mota na wata huɗu. Idan mahaifinsa manomi ne da bai samu shiga gonarsa ba saboda 'yan bindiga, to maganar tafiyar ma ba ta taso ba.

Abin da kan biyo baya sananne ne a duk faɗin ƙasar. Ɗalibi ya samu wani ofis da bai da alaƙa da abin da yake karanta, ya riƙa zuwa yana zaman jiran aike, ko kuma ya zauna a gida, a ƙarshe a cike littafin, a buga masa hatimi.

Ta haka takarda za ta nuna an yi horo, alhali hannu bai taɓa sufana ba. Kuma ranar da aka ɗauke shi aiki, ko ya buɗe shagon kansa, ranar ce asiri zai tonu.

Matsalar tsaro

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A watan Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe. A watan Satumban wannan shekarar kuma gwamnatin jihar ta rufe makarantu da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan wayar salula na tsawon makonni.

A watan Afrilun 2022 'yan bindiga sun sace wasu ɗalibai mata na kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe daga gidan da suke haya a cikin gari. Haka nan a watan Satumban 2023 sun kai hari Sabon Gida, suka yi awon gaba da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata.

Shi horon aiki, bisa yanayinsa, yana fitar da ɗalibi ne daga harabar makaranta, ya sa shi bin hanya kullum. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta bi ta Tsafe, da ta Gusau zuwa Sakkwato da ta bi ta Bungudu, duk sun sha fama da masu tare hanya.

Malamin da ya kamata ya je duba ɗalibinsa a wani ƙauye shi ma yana da iyali, kuma zai yi tunani sau biyu kafin ya kama hanya. Idan kuwa babu mai zuwa dubawa, to babu mai tabbatar da cewa an koyi wani abu.

'Yan mata ne abin ya fi shafa. Uban da ya yarda 'yarsa ta yi karatu a kwalejin mata ta Gusau saboda ya natsu da tsarin makarantar, ba lalle ne ya yarda ta tafi wani gari ta zauna wata huɗu ba tare da muharrami ko amintaccen masauki ba. Don haka duk tsarin da bai samar wa ɗaliba wurin horo kusa da gida ba, to a aikace ya rufe mata ƙofa.

Makarantar da ke bakin titi

Sai dai akwai wata hanyar koyon aiki da ta girmi duk waɗannan tsare-tsare, kuma har gobe ita ce ke horar da mafi yawan matasa a ƙasar Hausa.

Uba kan kama hannun ɗansa ya kai shi wurin bakanike, ko mai walda, ko kafinta, ko tela, ya ce ga amana. Yaro ya fara da shara da miƙo kayan aiki, sannu a hankali a bar masa ƙananan gyare-gyare, har ranar da maigidansa zai yaye shi, wani lokacin ma ya haɗa masa da kayan aiki ko jari.

A Gusau da Tsafe da Bungudu, irin waɗannan masu sana'a ne ke gyaran babura da injunan ban ruwa da na niƙa da na casar shinkafa, su ne ke ƙera ƙofofi da tagogi, kuma a 'yan shekarun nan su ne ke haɗa wutar sola a gidaje da gyaran wayoyin hannu.

Ƙarfin wannan hanya shi ne aiki ne na gaske, da abokin ciniki na gaske, wanda zai dawo ya yi faɗa idan gyara bai yi ba. Rauninta kuma shi ne babu manhaja, babu ƙayyadadden lokacin gamawa, babu takardar shaida, kuma yaro ba ya wuce iyakar sanin maigidansa. Ko da yake Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi tanadin rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, da wuya a ga mai bin wannan tanadi a gareji.

Tun a 1987 Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, ta fara tura matasa wurin irin waɗannan gwanaye, tana biyansu ladan koyarwa. Daga baya hukumar NBTE ta fito da matakan tantance ƙwarewar sana'a, ta yadda wanda ya koyi aiki a shago zai iya gwada iyawarsa a gaban masu tantancewa, ya samu takardar da gwamnati ta amince da ita.

Darasi daga Panteka da Jamus

Misali mafi kusa shi ne na Kaduna. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kafin a naɗa shi shugaban NBTE a 2021, kwalejin ta ƙulla alaƙa da masu sana'a na tsohuwar kasuwar Panteka.

Manufar ita ce kowane ɓangare ya ba ɗan'uwansa abin da ya rasa: masu sana'a su samu ƙarin ilimi da takardar shaida, kwalejin kuma ta amfana da gwanintar hannu da ke jibge a kasuwar.

A duniya kuwa, tsarin ƙasar Jamus ne aka fi buga misali da shi. A can matashi kan ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako yana aiki, kwana ɗaya ko biyu yana makarantar koyon sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma ana biyansa a duk wata.

Wata doka ta 1969 ce ta tsara wannan, akwai sana'o'i fiye da 300 da hukuma ta amince da su, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe.

Abin lura a nan shi ne, kamfanonin Jamus na kashe kuɗinsu ne saboda suna horar da ma'aikatan da su da kansu za su buƙata gobe. Inda babu kamfanonin, kwaikwayon tsarin baki ɗaya ba zai yiwu ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne ƙa'idojinsa: rubutacciyar yarjejeniya, da jerin abubuwan da dole a koya, da biyan mai koyo, da kuma jarrabawar da masu sana'ar ke da baki a cikinta.

Sabon yunƙuri

A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a jihar Zamfara.

A matakin tarayya kuma, a 2025 ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya ƙaddamar da wani shiri na farfaɗo da ilimin sana'a, wanda ya ƙunshi karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya, da alawus na wata-wata, da gajerun kwasa-kwasai na wata shida da na shekara guda. An tsara cewa kashi 80 cikin 100 na horon ya kasance aikin hannu, kashi 20 kuma darasin aji.

Ba wannan ne karo na farko da aka ɗauki irin wannan alƙawari ba. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 shi ma da niyyar koya wa yara sana'a ya zo, amma a makarantu da dama injunan da aka sayo sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya harhaɗa su.

Akwai kuma batun daraja. Majalisar dokokin tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da bambanci tsakanin babbar difloma da digiri a 2021, amma shugaba Muhammadu Buhari bai sa masa hannu ba har ya sauka. Muddin iyaye na ganin mai difloma a bayan mai digiri yake a wurin ɗaukar aiki, kwalejin fasaha za ta ci gaba da zama zaɓi na biyu.

Abin da ya rage

Ga Zamfara, hanyoyin da ke buɗe ba ɓoyayyu ba ne. Gwamnati ce mafi girman mai ba da kwangila a jihar, saboda haka tana iya gindaya wa duk kamfanin da ya samu aikin hanya ko gini sharaɗin ɗaukar wani adadi na ɗalibai.

Makarantu na iya zama da ƙungiyoyin kanikawa da masu walda da teloli a kowace ƙaramar hukuma, su tantance shagunan da suka cancanta, su amince da su a matsayin wuraren horo. Hakan zai ba ɗan Tsafe damar koyon aiki a Tsafe, 'yar Bungudu kuma a Bungudu.

Haka kuma manhajar na buƙatar duba abin da jihar ke rayuwa a kansa, wato noma da kiwo da ma'adinai. Gubar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta samo asali ne daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ba tare da sanin haɗarin ba. Bayan ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a watan Disamban 2024, buƙatar matasan da suka san aikin bisa ƙa'ida ta ƙara fitowa fili.

Dukkan waɗannan matakai dai sun dogara ne a kan zaman lafiya, domin mai jari ba ya kafa masana'anta inda ba ya iya kwana da ido biyu rufe. Kafin a kai ga haka, ɗaliban Zamfara za su ci gaba da yawo da wasiƙun gabatarwa daga wannan ofis zuwa wancan, yayin da mafi yawan masu iya koya musu aikin ke zaune a garejoji da shagunan da ke bakin titi.